Wakilin Tubalu

Da Malama Esinam ta duba takarda
ta ce, "Sumaila, kai ne Tubalu,"
na zaci tubali take nufi,
na ce ai gidanmu na bulo ne da kwano.
Aji ya kece da dariya.
A daren na nemo ta a taswira,
ɗigo-ɗigo a tsakiyar teku
kamar kashin ƙuda a jikin madubi.

Kwat ɗin daga shagon Kawu Awudu tela ta fito,
wani ne ya kawo gyara bai dawo ba.
Hannunta ya haɗiye yatsuna.
Daga Alajo har Legon a cikin toro-toro
ina bitar jawabi a zuci,
yaron mota yana zungurina, wai saura sidi biyu.

Zauren da sanyi kamar cikin randa.
An jera duniya a kan tebura,
kowace ƙasa da kwalinta da gorar ruwanta.
Faransa tana gyara ɗankwali,
Indiya ya manta alƙalami, ya ari na Masar.
Mai kwalin Turkiyya ta ce birninta Ankara,
na ce ashe mu 'yan gari ɗaya ne,
haka kakata ke kiran garin nan tun tana budurwa.
Ba ta gane ba. Na bar ta.

Batun zama: teku na cin ƙasa,
wa zai biya, nawa, yaushe.
Daƙiƙa casa'in aka ba ni.
Na ce, ya shugaba,
ruwan gishiri ya shiga rijiyoyinmu,
ya kai bakin kaburburan iyayenmu.
Ban san inda muryata ta samo rawa ba.
Kafin in kai ga roƙon da na haddace
guduma ta sauka.

Daga azahar har la'asar ta yi sanyi
muna jan kalma ɗaya kamar igiyar guga:
a rubuta "dole" ko a rubuta "ya kamata"?
Kwabena, mai manyan tabarau da babbar ƙasa,
wanda muka raba kosai da shi da safe,
ya hau kujerar na ƙi, ya miƙe ƙafa.
Na aika masa 'yar takarda: haba, ɗan'uwa.
Ya maido: ba ni ba ne, ƙasata ce.

Sai aka shigo da labarin gaggawa na wasa,
wai guguwa ta afka wa wani tsibiri,
minti ashirin mu ceci mutane dubu.
Muka duƙufa.
Ba wanda ya ji sama ta tsage a waje
sai da wayata ta motsa a aljihun aro.
Inna ce.
"Odo ta cika ta tumbatsa,
ruwa ya kai ƙafar gado.
Na ɗora buhun shinkafa kan kabad.
In kun gama gyaran duniyar, ka biyo da kyandir."

An kaɗa ƙuri'a. "Ya kamata" ta ci.
Aka yi tafi, aka ɗau hoto,
aka ba ni takardar yabo mai bakin zinariya.

Na sauka tun daga titi, na naɗe wando,
takalma a hannu, kwat a ka,
ledojin ruwa suna shafar gwiwata.
A ƙofar ɗaki kwalina ya zame daga hammata.
Na ga Tubalu tana juyi a tsakar gida,
ta gaida turmi, ta wuce ta lungu.

Inna ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Me kuka yanke?"
Na ce an ɗage zama sai gobe ƙarfe tara.
Ta ce, "To, ranka ya daɗe,
ga bokiti."